Cittarmu ta ruɓe, ga Lahadin godiyar kaka ta matso

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a wani ƙauye a kudancin Kaduna, kuma citta ce cinmu da suturarmu da kuɗin makarantar yara. Tun da cutar nan ta faɗa wa citta a 2023 ba mu miƙe ba. Bana maigida ya ce a sake gwadawa, muka ci bashi muka sayi iri da taki. Damina na tsakiya ganye ya fara komawa ruwan ɗorawa, da muka tona sai ruɓa da wari. Abin da muka shigar gida 'yar masara ce da wake, ko Ista ba za su kai mu ba.

To ga shi ikilisiyarmu ta sa godiyar kaka a ƙarshen Nuwamba. A wurinmu gida-gida ake kira, a taso da rawa, a ajiye abin da aka kawo, sakatare ya faɗa a lasifika. A da mu ne masu buhu biyu da akuya. Maigida ya ce zai karɓo buhun masara bashi don kada a yi da mu. Ni kuwa so nake in kwashe yara mu tafi wajen yayata a Kaduna sai an gama. Abin da ya fi damuna, duk lokacin da Baba Fasto ya ce a gode wa Allah a cikin kowane hali sai in ji zuciyata na tafasa. Na yi azumi, na fid da zakka, ban taɓa fashin zumuntar mata ba. In na je na yi rawa na yi munafunci, in na ƙi zuwa na zama mai butulci. Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga kudancin Kaduna

'Yata, sannu da wannan rashi, ki kuma miƙa wa maigidanki jajena. Wanda bai taɓa noman citta ba ba zai gane nauyin abin da kika faɗa ba. Shuka ce mai cin kuɗi tun kafin ta tsiro. Iri kaɗai ya isa ya kwashe ajiyar gida, ga taki, ga ciyawar da ake yankowa a lulluɓe gonar da ita, ga cirar haki da hannu da ba ta ƙarewa. Sai mutum ya gama zuba duk wannan a ƙasa sannan cutar take nuna kanta. Abin da ya faru a 2023 a Kachia da Jaba da Kagarko da kewayensu babban abu ne: gonaki aka yi asara ɗungurungum a yankin da ya fi ko'ina noman citta a Najeriya, irin da ya tsira kuma ya yi tashin gwauron zabo. Na faɗi haka ne don ki cire wa ranki cewa wani laifinku aka hukunta. Ƙwayar cutar tana zama a cikin ƙasa da cikin iri. Ta ci gonar mai azumi, ta ci ta wanda bai san hanyar majami'a ba.

Zan fara da buhun bashi, don shi ne mai sauƙin amsa. Kada a karɓo shi. Wa za a kai wa buhun nan? Allah ya san abin da ya fito daga gonarku, yana nan ranar da kuka tona. Lasifikar sakatare za a kai wa, da kunnuwan da ke zaune a benci. Bayan sujada a yi gwanjonsa, wani ya ɗaure a babur ya wuce, ku kuma ku kwana da sabon bashi a kan tsoho, ga Kirsimeti a bakin ƙofa, ga kuɗin makaranta a Janairu. Lokacin da Manzo Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya gaya wa Korantiyawa cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi ne, ba abin da ba shi da shi ba (2 Korantiyawa 8:12), ya ƙara da cewa kada a bayar da ɓacin rai ko a kan tilas (9:7). Tun a Shari'ar Musa ma an yi wa talaka hanya. A Littafin Firistoci sura 5, wanda ba shi da halin tunkiya sai ya kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu, wanda ko wannan ya gagare shi ya kawo ɗan gari. Da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka je miƙawa (Luka 2:24), wadda Firistoci sura 12 ta yanka wa macen da ba ta da kuɗin ɗan rago. Ba mu ji cewa Yusufu ya je ya ranto rago don kada mutanen Nazarat su yi da shi ba.

Na san wani zai jawo miki labarin gwauruwar nan da ta zuba anini biyu, iya abin da ta mallaka. Labari ne mai kyau, sai dai an sha murɗa shi don a tatsi marasa hali. Ki karanta ayoyin da suka riga shi a Markus 12, za ki ga Yesu bai daɗe da rufe baki a kan malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye ba. Ita kuma matar, abin da ke hannunta ta bayar, ba ta ranto ba. Mudu biyu na wakenki, ko kwanon masarar da kika sussuka da hannunki, ya isa. Kada ki ɗebi abin da zai bar yara da yunwa.

Yanzu ga babbar maganar, wato tafasar zuciya. Ni ban ga butulci a wasiƙarki ba. Mai butulci ba ya kwana yana juyi a kan ko ya saɓa wa Allah. Mace na gani wadda ta ji ciwo, ana kuma karanta mata aya ta hanyar da take jin kamar ana ce mata ta yi shiru.

Ayar da Baba Fasto yake maimaitawa tana 1 Tasalonikawa 5:18, ya kamata kuma ki san su wa aka rubuta wa. Bulus bai daɗe a garin Tasalonika ba aka ta da tarzoma, aka ja mai masaukinsa Yason gaban mahukunta, 'yan'uwa suka fitar da shi da Sila da dare (Ayyukan Manzanni 17). Ikilisiyar da ya bari ba ta yi ƙwari ba, tana shan tsanani, an kuma fara yi musu rasuwa har suna damuwa da makomar waɗanda suka riga su, shi ya sa ya tsaya yi musu ta'aziyya a sura 4 ta wasiƙar. A wata wasiƙar ya ce ikilisiyoyin Makidoniya, ƙasar da Tasalonika take, suna cikin matsanancin talauci. To kin ga ba masu cikakken rumbu aka ce su gode ba, kuma wanda ya faɗa musu ya sha bulala ya kwana a kurkuku. Shi ne kuma ya rubuta wa Romawa cewa a yi kuka da masu kuka (12:15). Duk wanda ya ɗauko ayar farko ya bar ta biyu a gida, rabin saƙo ya kawo.

Mu a majami'unmu mun fi son zaburar da ke shiga da ganga da shantu, amma ki buɗe Littafin ki duba. Cikin zabura 150, masu yawa kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 ta tambayi Allah har yaushe sau huɗu a jere. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare a duhu, ko ayar lallashi ɗaya babu a ƙarshenta, aka kuma bar ta a wurin, jama'ar Allah suna rera ta. Wadda ta fi kama da ke ita ce Na'omi. Ta bar Baitalami da miji da 'ya'ya maza biyu, ta dawo babu ko ɗaya, kuma a farkon girbin sha'ir ta shigo gari, kowa na shirin cika rumbu. Matan gari suka taru suna tambayar juna ko ita ce. A gabansu ta buɗe baki ta ce a cike ta fita, Ubangiji ya komo da ita hannu wofi (Rut 1:21). Ki karanta littafin har ƙarshe, ba za ki ga inda aka tsawata mata a kan wannan magana ba.

Sai Annabi Habakuk, wanda nake so ki riƙe a makon nan. Kowa ya san inda ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji, mawaƙa ma suna son wurin. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne abin da ya yi kafin ya kai nan. Littafin da ƙara ya fara, yana tambayar Allah har yaushe zai yi ta kira ba a amsa ba. A sura 3 aya 16 ya ce cikinsa na rawa, leɓunansa na karkarwa. A aya 17 ya zauna ya ƙirga asarar ɗaya bayan ɗaya kamar manomin da ya san gonarsa: ɓaure bai yi toho ba, inabi babu 'ya'ya, zaitun ya ƙi, gonaki ba su ba da abinci ba, garken tumaki ya ƙare, turke babu shanu. Bai rage komai don ya kare martabar Allah ba. Sai da ya gama lissafin sannan ya ce duk da haka. Murnar da ya ambata shawara ce da ya yanke yana karkarwa, ba daɗin da ya taso masa daga ciki ba.

Wannan ne amsar maganar munafunci. Munafunci shi ne nuna abin da babu, in ma ana neman sa a labarinku to a buhun bashi yake, ba a ƙafarki da ta taka zuwa majami'a da nauyin zuciya ba. Da asuba kina tashi ki hura wuta ki dama wa yara kunu ko da ranki a ɓace yake, ba kuwa wanda zai ce ƙaunarki ta ƙarya ce don ba ki yi murmushi a bakin murhu ba. Godiya ma aiki ce da ake iya yi kafin zuciya ta biyo baya. Wani lokaci takan biyo a ranar, wani lokaci sai an yi watanni, ba kuma ke za ki ja ta da igiya ba.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da ba zan wuce ba, inda kika ce kin yi azumi, kin fid da zakka, ba ki fashin zumunta. Na ji abin da ke ƙarƙashinta: na biya nawa, ina nawa? Ba laifinki ba ne kaɗai. An daɗe ana yi mana wani irin wa'azi mai cewa ka zuba a ninka maka, har mutane suka ɗauka zakka inshorar gona ce. Ranar da gonar ta ƙi, sai mutum ya ga ko dai Allah ya ci amana ko shi ne ya yi zunubi. Littafin Ayuba gaba ɗayansa an rubuta shi ne a kan wannan lissafi, abokansa da suka nace cewa asararsa sakamakon laifinsa ce kuwa su ne Allah ya yi fushi da su a sura ta ƙarshe. Yesu ya ce Uba yakan aiko da ruwa ga masu adalci da marasa adalci (Matiyu 5:45). Amincinki bai tafi a banza ba, sai dai tun asali ba kuɗin sayen damina ba ne. Ki faɗa wa Allah fushin nan da bakinki, da kalmomin da suka zo miki. Ya ji waɗanda suka fi naki zafi.

Ga abin da zan so ku yi a daren Asabar ɗin da ke gaban bikin. Bayan tuwo, ku zauna da maigida da yara. Ku fara da asarar, ku kira ta da sunanta: citta ta ruɓe, ana bin mu bashi, muna jin kunya. Yara sun riga sun sani, labarin zuciya ai a tambayi fuska. Sannan kowa ya faɗi abu ɗaya na bana wanda da gaske yake jin ya gode a kansa. Kada ya zama irin godiyar nan ta "gara mu da su wane", wannan auna kai ne da masifar wani. Ƙaramin abu mai suna nake nufi: waken da ya yi duk da komai, maƙwabciyar da ta ba ki manja ba ta rubuta ba, zazzaɓin autanki da ya sauka. In abu ɗaya tak kika samu, ki tsaya a kansa, kada ki ƙirƙiro na biyu.

To amma ba zan ɗora miki kayan duka ba, ikilisiya ma akwai nata. Bikin kaka a Littafi Mai Tsarki da marasa gona aka tsara shi. A Maimaitawar Shari'a 16, da aka zo kan Idin Bukkoki na kwana bakwai bayan an kwashe amfani daga masussuka, an lissafa waɗanda za su yi murna: kai da 'ya'yanka da barorinka, da Balawe mai hidimar ɗakin Allah, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Rabin jerin nan ba su da abin kawowa, ci za su yi. A Firistoci 23, ana tsakiyar bayanin idodi sai aka tsaya a aya 22 aka ce kada a girbe gona har gefe, kada kuma a koma a tsince abin da ya zuba, a bar wa matalauci da baƙo. Kala ke nan, irin wadda muka tashi muna gani a gonakin gyaɗa, da ita kuma Rut ta ciyar da surukarta Na'omi. Sai mu muka mai da ranar ta zama ta jin wa ya fi wa. Ban ce dattawanku da mugun nufi suke yi ba, sau da yawa rufin majami'a ne ke yoyo ko albashin mai bishara ya makale, sun kuma lura cewa kiran suna yana ƙara yawan buhuna. Amma Yesu ya ce in za a yi sadaka kada hagu ta san abin da dama take yi (Matiyu 6:3), da wuya kuwa a haɗa wannan da lasifika.

Amurkawa ma a ƙarshen Nuwamba suke ranar godiyarsu, lokacin da ganyen itatuwa ya gama zuba sanyi ya kunno kai. Tun shelar da shugaba Abraham Lincoln ya yi a Oktoban 1863 ake yin ta kowace shekara a faɗin ƙasar, ana kuwa tsakiyar yaƙin basasa ne ya yi shelar, wata uku bayan gumurzun Gettysburg inda wajen mutum 50,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace. Shi kansa ya binne ɗansa a 1862. A cikin takardar, bayan ya ambaci albarkar gonaki, ya roƙi jama'a su sa gwauraye da marayu da masu makoki a addu'arsu ta ranar. In shugaban ƙasa ya iya haɗa biyun a takarda ɗaya, majami'ar ƙauye za ta iya haɗa su a sujada ɗaya.

Don haka ki sami Maman Fasto, ko shugabar zumuntar mata in ita kika fi sakewa da ita, ki gaya mata gaskiyar halin da kuke ciki. A ƙauyen masu citta na tabbata ba gidanku kaɗai ba ne, akwai mata da dama da ke ƙirga kwanaki da faɗuwar gaba kamar ke, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Ku roƙi a kira jama'a unguwa-unguwa ko zumunta-zumunta a maimakon gida-gida, in ma sai an kira gida to a bar faɗin abin da aka kawo. Ku roƙi a ware lokaci a cikin sujadar a yi addu'a domin waɗanda gonarsu ta ƙi, a faɗa a fili daga bagadi. In da hali kuma, wani kaso na hatsin da aka tara kada a yi gwanjonsa, a ajiye wa gwauraye da gidajen da cutar ta taɓa. Daga bakin zumuntar mata maganar za ta fi shiga, dattawa sun san su wa suke cika benci. In kuwa aka ware ɗin aka aiko miki da rabonki da dare, ki karɓa. Na san wannan zai fi miki wuya a kan duk abin da na faɗa, ke da kika saba kawo akuya.

In dattawa suka ce al'ada ce ba za a taɓa ba, duk da haka ki je. Ba dole ki yi rawa ba. Ki ɗauki kwanonki ki taka a natse, yaranki a gefenki, ki ajiye ki koma mazauninki. Za a yi magana? Wataƙila, ta kwana biyu. Tafiya Kaduna ba zunubi ba ce, amma bencin da aka gani babu kowa ya fi kwanon wake jawo surutu, za ki kuma bar maigidanki ya sha kunyar shi kaɗai.

Shi ma ki sa masa ido. Shi ya ce a sake gwadawa, yana ɗauke da wannan ko bai faɗa ba, buhun da yake son rantowa ma ƙoƙarin rufe wannan ciwon ne. Kada ki shigo masa da aya, kada kuma ki tuna masa wa ya kawo shawarar. Ki ce masa, "Maigida, ni ba na jin kunyar shiga da abin da muka noma, in kana gabana." In ya ƙi ji daga gare ki, ki nemi wani dattijo da yake ganin girmansa. In kuma kika ga barci ya ƙaurace masa, ya daina ci, ya janye daga mutane har makonni, ko ya fara maganar gara mutuwa, kada ki tsaya ga addu'a kaɗai, ku je asibiti a duba shi. Haka ke ma.

Bashin da ke kanku kuwa, kada ku jira mai shi ya zo ƙofa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku je da wani dattijo a matsayin shaida, ku faɗi abin da ya faru, ku nemi a raba biyan kashi-kashi a rubuta a takarda. Ku yi ƙoƙari kada ku sayar da 'yar masarar nan yanzu, hatsi a kaka ya fi kowane lokaci araha, ku ne kuma za ku sake sayen sa da tsada a bazara. Kafin baɗi ku nemi malaman gona su duba filin, don gonar da citta ta ruɓe a cikinta tana bukatar hutu daga citta na wasu shekaru, kuma kada a sake zuba duk ƙarfin gida a shuka ɗaya.

Zuwa wajen Maman Fasto dai a makon nan za ki yi shi, kafin kwamiti ya zauna ya buga tsarin sujadar. In an riga an buga, amsar da za ki samu ita ce a bari sai baɗi.

Taki,
Mama